Atilin Mama Saratu da Karen Ruwa

Ranar Asabar da ta wuce matasan cocinmu suka zo mini su shida, kowa da waya a hannu, wai sun yanke shawara za su shiga kiwon kifi. Jagoransu Istifanus, wanda ya gama digiri bara yana zaman jiran aiki, shi ya tsaya ya yi mini bayanin sana'ata. "Baba Bulus, ai simful ne. A sayi tamfol, a cika da ruwa, a zuba yaran kifi, a ba su abinci safe da yamma. Wata huɗu an kwashe." Na ce madalla, ashe shekara talatin na yi ina wahalar da kaina a banza. Na ce su ajiye wayoyin a kan benci, su naɗe wando, yau ranar tace kifi ce.

Tacewa aiki ne da ba a nunawa a waya. Tarwaɗa ba ta san ɗan'uwa ba. Ka zuba 'ya'ya duk tsawon yatsa ɗaya, bayan mako uku sai ka ga wasu sun tsere wa saura girma, kuma ba da abincinka suka girma ba, da ƙannensu ne. Don haka dole a rage ruwa, a ja koma, wato babbar ragar kamun kifi, daga wannan gefe zuwa wancan, a juye a daro, a ware manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban, da hannu, da sauri, kafin rana ta yi zafi. Tarwaɗa kuwa tana da ƙaya biyu a gefen kunne, kuma ta san amfaninsu. Kafin azahar duk su shidan sun tafi gida suna tsotsar yatsa, ban samu na ba su labarin da na yi niyya ba. Shi ne nake rubutawa a nan, su karanta a wayar tasu.

Na koyi aikin a hannun Oga Tanko, a bayan Manchok. Tsohon ma'aikacin gona ne da ya yi ritaya ya haƙa tafkuna uku a fadamarsa. Shekarata ta farko a wurinsa ban taɓa kifi ba sai a miya. Diga, shebur, baro, da wani ƙaton madaɓi na icen ƙirya, su ne abokaina. Aikina shi ne gaɓa, wato bangon ƙasar da ke riƙe ruwan tafki. A zuba yumɓu kaurin tafin hannu, a yayyafa ruwa, a daɓe, a sake zubawa. In na gama sai ya zo da sandarsa ya caka. In ta shiga, sai ya ce, "Wannan ba gaɓa ba ne, fanke ne. Sake." Shi ya koya mini in dunƙula jiƙaƙƙiyar ƙasa in jefa sama in cafe: in ta watse, kada in ɓata ƙarfina a wurin. Shi ya koya mini in tsoma hannu har gwiwar hannu. In ina ganin tafina sarai, ruwan ba shi da abinci. In ya ɓace tun daga wuyan hannu, ruwan ya yi kauri, a canja. Shekara uku na yi kafin ya ce in je in haƙa nawa.

Masu saye ma makaranta ce. Akwai Madam Fibi mai farfesu a kusa da tashar jirgi a Kafanchan, wadda ta fi shekara ashirin tana sayen kifina kuma ba ta taɓa yaba ko ɗaya ba. Za ta ɗaga tarwaɗa mai kaurin damtse, ta latsa cikinta, ta dube ni da tausayi. "Bulus, wannan azumi yake yi?" Mata masu banda, wato kyafe kifi, su kuma ƙanana suke so, waɗanda za su lanƙwashe a soke da tsinke. Kowa da irin girman da yake nema, kuma kowa ranar da kifinka bai kai ba yake buƙatarsa.

Tafkina na haƙa shi a fadamar da na gada daga babana, a bakin wani rafi da ba ya ƙafewa, tafiyar minti ashirin a babur daga gari. Tsakanin tafkin da rafin akwai tudu siriri, a kan tudun kuwa akwai bishiyar atili. Mutum uku ba za su zagaye gindinta da hannu ba. Miƙaƙƙiya ce, sai ka ɗaga kai hula ta faɗi kafin ka ga reshen farko. In aka ji mata ciwo sai ta fitar da farin ƙaro mai ƙanshi, wanda mata ke hura wuta da shi. Bayan damina sai ta cika da 'ya'ya baƙaƙe masu ruwan shuɗi.

Ga inda maganar take. A wurinmu ƙasa daban, itace daban. Kana iya gādon gona, bishiyar da ke tsakiyarta ta wani ce, kuma ko busasshen reshe ba ka karya sai da izininsa. Da aka raba gādon kakanmu, fadama ta faɗo wa babana, atili ya faɗo wa wansa. Wan ya rasu, ya bar matarsa, Mama Saratu. Tsohuwa ce 'yar firit, ba ta noma kuma, atilin nan shi ne gonarta. Tana jiƙa shi a ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, don ruwan zafi yana mai da shi dutse, ta kai kasuwa, ta matse mai daga saura. Da shi take sayen sabulu da gishiri, da shi take baiko a coci, da shi ta riƙe jikoki mata biyu a makaranta.

Ni kuwa bishiyar nan ta tsaya mini a wuya tun shekarar farko. Ganyenta yana zuba a tafki ya ruɓe, ruwa ya yi tsami. Inuwarta tana rufe rabin tafkin har hantsi, ruwan ya yi sanyi, kifi ya ƙi cin abinci. Ƙaronta yana manne wa koma. Da rani kuma ruwan gefenta ya fi saurin sauka, na san saiwoyinta ne ke sha. Duk wannan na haƙura, har sai da ta fara ba ɓarawo masauki.

Wata safiya na zo ba da abinci sai na tarar da kawunan tarwaɗa huɗu a jere a kan gaɓa, an cinye jikin tas. A cikin taɓo kuma ga sawun hannu, ɗan ƙarami, yatsu biyar, kamar na yaron da aka yaye. Na tafi gidan Mama Saratu a fusace, don gidanta ya fi kusa, na ce yaran unguwa sun fara yi mini sata. Ta biyo ni da sandarta, ta duba sawun, ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa.

"Bulus, yaron wane ne yana cin ɗanyen kifi ya bar maka kai? Wannan karen ruwa ne. Gidan shi yana ƙarƙashin itace na. Tun ina amarya kakannin shi suna wurin."

Na yi sammako kwana uku kafin na gan shi. Gari ya fara haske, sai ga shi ya fito daga wani rami tsakanin saiwoyin atilin ta gefen rafi. Jikinsa dogo, ƙafafu gajeru, jela mai kauri, gashi ruwan ƙasa yana sheƙi, haɓa da ƙirji fari fat kamar ya sa rigar ciki. Ya hau tudu, ya sulale cikin tafkina ba ko ƙara. Bai yi minti ɗaya ba ya fito da kifin da na yi wata huɗu ina ciyarwa. Ya riƙe shi da hannu biyu, don hannun nasa ba farata, yatsu ne sosai, ya ci a tsanake. Da ya gama ya sauka bakin ruwa ya wanke hannu, ya wanke baki. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, wanke hannun.

Ba abin da ban gwada ba. Na kawo kare, karen ruwa ya cije shi a hanci, daga ranar ko kiran sunan rafi aka yi sai karen ya shige ƙarƙashin gado. Na ɗana tarko da kifi a ciki, ya zura hannu ta gefe ya zare kifin. Na kewaye da waya, ya haƙa ta ƙasa. Na kafa mutum-mutumi, na sa masa tsohon kwat ɗina na zuwa coci da hula. Washegari na tarar da kan tarwaɗa a daidai ƙafarsa, kamar an ba mai gadi nasa kason.

Daga nan na koma kan bishiya. A lissafina, in babu atili babu rami, in babu rami babu ɓarawo. Na samu Mama a gindinta tana tsince 'ya'ya a kwando, na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na ci atilin da ta miƙo mini, sannan na shigo da magana.

"Mama, ki duba halin da nake ciki. Maƙwabta biyu gare ni, dukansu a jikina suke ci. Ɗaya yana cin kifin, ɗaya tana shan ruwan. Shi wancan ma ya fi mutunci, in ya ƙoshi yakan tafi. Ita wannan dare da rana tana tsaye a kaina."

"To cikin su biyu wanne ne ya zo ya same ka?" in ji ta. "Kai ne ka zo ka same su."

"Mama, ba gardama nake yi ba. Amma shi dabba ne, yana da wayo, yana da hannu, in na kore shi zai nemi wani wuri. Ita kuwa ice ce kawai. Katako ne a tsaye. Masu injin yanka sun ce za su saya da daraja, duk abin da aka samu naki ne, in ƙara miki da akuya."

Ta tofar da ƙwallon atili, ta dube ni sama da ƙasa. "Karen ruwa kaman kai ne, Bulus. Ci, wasa, gudu nan gudu can, yana gani ya fi kowa wayo. Itace kaman ni ne. Ya tsufa, ba ya zuwa ko'ina, yana ba mutane abinci, suna zagin shi don ganye. Akuyan ka zai haifi atili? Ba na sayarwa. In na mutu ma na jikoki na ne."

Sau uku ina komawa, sau uku tana ba ni atili ta sallame ni.

To, a nan ne na yi wayon da har yau ake tsokanata da shi a gidan biki. Na zauna na bi al'adar tamu dalla-dalla. An ce kada a sare gindi. An ce kada a karya reshe. An ce kada a tsinki 'ya'ya. Ban taɓa jin dattijon da ya ambaci saiwa ba. Saiwa kuwa a cikin ƙasa take, ƙasa kuma tawa ce. Da rani ya tsananta, ranar da Mama ta tafi jana'iza Samaru Kataf, na ɗauki diga da gatari. Na haƙa rami a tsawon gaɓar, tsakanin tafki da bishiya, zurfin ƙugu. Duk saiwar da na tarar ta nufi wajena na datse ta. Uku daga ciki sun kai kaurin cinyata, sai da na wasa gatari sau biyu. Na mai da ƙasa na daɓe, na shuka ciyawa a kai. Sannan na zagaya gefen rafi, na yi hayaƙi a bakin ramin karen ruwa har ya fito ya bi ruwa yana tsaki, na cika ramin da duwatsu, na liƙe da siminti.

Shekarar nan na sha daɗi, ba zan ɓoye ba. Ba kai ko ɗaya a kan gaɓa. Ruwa ya daina sauka. Madam Fibi ta latsa kifi ta yi shiru, wanda a wurinta yabo ne babba. Atilin ya yi 'ya'ya kaɗan, ganyen gefena ya yi ja, Mama ta ce ko tsufa ne ya kama shi. Na ce wataƙila, Mama, kowa da lokacinsa. Har na fara ba wasu masu tafki shawara a kan yadda ake maganin karen ruwa.

Damina ta biyu, cikin watan Agusta, aka yi kwana uku ana ruwa. Ranar Lahadi ya ɗauke. Kifina ya kai, na yi da Madam Fibi da masu banda za su zo Litinin da safe a kwashe duka. Muna cikin sujada, zumuntar mata suna waƙa, sai na ga wani ya leƙo ta taga ya yi wa na bencin baya raɗa. Na bencin baya ya fita. Na kusa da shi ya bi. Kafin fasto ya buɗe Littafi, cocin ya zama kamar an share shi daga baya zuwa gaba. Sai matata Rahila ta taɓo ni ta ce, "Baban Godiya, tashi. Wai kifi yana tafiya a rafi."

Da na isa, gaɓar da ke gefen atili babu ita. Ta buɗe faɗin ƙofar mota, ruwan tafki ya bi ta nan ya haɗe da rafi, kifin wata shida ya bi shi. A wurinmu kuma kifin da ke cikin rafi na wanda ya kama ne. Ga dattawan coci da wandon Lahadi a naɗe, ga mata da anko suna tare tarwaɗa da ɗankwali, ga kwanduna, ga gidan sauro. Wani ya wuce ni da biyu a hannu, ya ce, "Sannu, Baba Bulus, Ubangiji ya mayar maka," bai kuwa ajiye ko ɗaya ba. A daren nan ba gidan da ba a yi farfesu ba sai nawa.

Bishiyar kuma ta karkata. Ruwa ya kwashe ƙasar gindinta, ba kuma saiwar da za ta riƙe ta ta gefena. Mako biyu tana jingine da iska, ɗauke da ɗanyun 'ya'ya, sannan wata rana da tsakar rana ta kwanta a kan rafin. An ji ƙarar har bakin titi.

Oga Tanko ya hau mota daga Manchok ya zo, lokacin ya tsufa sosai. Bai yi mini jaje ba. Ya shiga inda gaɓar ta ɓalle, ya caka sandarsa, ta shige har hannu. Ya zaro wata ruɓaɓɓiyar saiwa, ya nuna mini inda gatari ya bi.

"Saiwa mai rai igiya ne, yana ɗaure ƙasa," in ji shi. "In ka kashe shi ya ruɓe, ya zama fayif. Kai da hannun ka ka sa fayif uku a gaɓan ka." Ya ƙara tona gefe, sai ga ƙananan ramuka birjik, ƙaguwa tana fitowa tana gudu a karkace. "Wannan kuma fa? Da karen ruwa yana nan, me kake gani a kashin shi?"

Na tuna. A kan wani dutse yake kashinsa kullum, kuma kullum fari ne da ɓawon ƙaguwa. Kifina ƙari ne kawai, ainihin tuwonsa ƙaguwa ce, ita kuwa ƙaguwa aikinta huda gaɓa. Na kori mai cin ta, ta samu shekara guda da rabi tana haihuwa.

Saiwoyin da na sare suna nan a fili, kowa ya gani, ba sai an yi bincike ba. Dattawan gida suka zauna a tsakar gidan Mama Saratu. Na gwada kawo maganar cewa al'ada ba ta ambaci saiwa ba, sai babban cikinsu ya tambaye ni ko in aka hana ni taɓa kan mutum, sai in sare masa ƙafa. Asarar kifi ta yi mini zafi, amma ba ta kai kunyar da na ji ba da na ga Mama zaune a kan tabarma da kwandunanta uku a kife a gefe. Na ce duk abin da aka yanka mini zan yi, kuma cefanen gidanta ya dawo wuyana.

Ta ce cefane ta karɓa, don ba ta da zaɓi. Katakon kuma a yanka a yi wa coci benci, ba ta son ganinsa a gidanta. Amma hukuncinta daban ne. In shuka atili bakwai a tsawon sabuwar gaɓar da zan gina, in yi musu ban ruwa da hannuna, kuma ba nawa ba ne, na jikokinta ne, daga ganye har saiwa. "A faɗa saiwan da ƙarfi," in ji ta, "don wannan ɗan nawa loya ne." Bakwai ta ce, domin atili sai ya girma ake gane mai haihuwa, wani ka yi shekaru kana wahala da shi ashe namiji ne.

Wata biyar na yi ina gina gaɓa, da madaɓi, kaurin tafin hannu bayan kaurin tafin hannu, kamar shekarata ta farko a Manchok. Na zuba sabon kifi. Da rani, dashen sun kai gwiwa, Mama ta sa aka kawo ta a babur ta duba su. Muna tafe a hankali a kan gaɓa tana taɓa kowanne da sanda, sai ta tsaya. Kawunan tarwaɗa ne a gabanmu, guda shida. A ƙarƙashin tushen tsohon atilin, inda ya tumɓuke ya bar kogo, ga sabon rami, ga sawun hannu manya da ƙanana.

Ta yi dariya har tari ya kama ta. "Ka gani? Ya dawo, har da mata da yara. Ko ramewa bai yi ba." Ta share ido da bakin zane, ta juya ta dubi kututturen, ta daɗe tana dubansa. "Wanda ya ci kifin ka yana da ƙafa, ya gudu ya dawo. Wanda ya riƙe maka ƙasa ba shi da inda zai je, shi ka samu ka kashe."

Na ɗauki bokiti na sauka rafi.

Huɗu cikin bakwai ɗin sun zama masu haihuwa. Ganyensu yana zuba mini a ruwa, ina kwashewa da ragar hannu kowace safiya, ba na ƙorafi. Shekarar da bishiya ta farko ta yi 'ya'ya, jikokin suka jiƙa a ruwan ɗumi suka kawo mini a kwano, suka ce in fara ci tunda ni na yi ban ruwa. Na ce su kai wa kakarsu tukuna. Suka ɗauki kwanon, muka tafi tare, muka ajiye a kan kabarinta, don ta rasu shekara huɗu kafin 'ya'yan su zo.